Tsofaffin bindigogi a ƙasar Kano: Gadon tarihi ko kayan laifi?

A ƙasashen Turai da Amurka, bindigar soja da ta shekara ɗari da ƙerawa kayan tarihi ce. Ana gwanjonta, ana rubuta littattafai a kanta, akwai kuma ƙungiyoyin mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara irinta.

A Najeriya kuwa, bindigar nan guda tana iya jawo wa wanda aka same shi da ita ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Wannan batu bai tsaya ga attajirai masu sha'awar kayan da ba. Ya shafi mafarauta da maƙera da 'yan bindigar fada da jikokin 'yan mazan jiya a yankuna irin su Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, inda ba baƙon abu ba ne a ga tsohon makami rataye a ɗakin dattijo, wanda shi ma gadonsa ya yi.

Lamarin ya ƙara fitowa fili ne bayan abin da ya faru a garin Uromi na jihar Edo ranar 27 ga watan Maris na shekara ta 2025, lokacin da wasu mutane suka kashe matafiya 16, mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano yin sallah daga jihar Ribas. 'Yan sintirin garin ne suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin gargajiya, nan take aka yi musu kallon masu satar mutane. Da dama daga cikin mamatan 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne.

Abin da ya faru a Uromi kisan gilla ne da babu dokar da ta halatta shi. Sai dai kuma ya tono wata tambaya da aka daɗe ana kauce mata: wace bindiga ce kayan sana'a, wace ce kayan tarihi, wace ce kuma kayan ta'asa? Kuma wane ne ke da alhakin rarrabewa?

Ƙasar maƙera

Gaya na da tsohuwar alaƙa da ƙarfe. Labarin da aka gada kaka da kakanni na cewa maƙera ne daga Gaya suka je gindin dutsen Dala neman tama, suka zauna a can tun kafin a kafa sarautar Kano. Su ne ake kira Abagayawa.

Ita kuwa bindiga baƙuwa ce, domin ko sunanta daga Larabci aka aro shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya hau gadon sarauta a 1768, shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa.

Bindigogin wancan zamani irin waɗanda ake ɗurawa ta baki ne. Sai a zuba albarushi, a cusa tsumma, a saka dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, kana a harba sau ɗaya tak. Su ne kakannin abin da yau ake kira bindigar toka ko adaka ko harba-ka-ruga. Wasu kan iso ta hamada daga Tarabulus, wasu kuma daga bakin teku ta ƙasar Nufe. Sannu a hankali maƙeran gida suka koyi gyara su, daga bisani suka koyi ƙera su.

A ƙarni na 19, bayin sarki ne suka fi riƙe bindiga a fadar Kano, yayin da manyan barade suka fi amincewa da doki da takobi da mashi. To amma ƙarshen ƙarnin ya nuna cewa zamani ya juya. Damagaram ta tara bindigogi masu yawa har da igwa tun zamanin Sarki Tanimu. Rabe ya ci Borno a 1893 da rundunar da ta dogara da bindiga. Haka nan a yaƙin basasar Kano da aka soma a wannan shekara, wanda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, ba nisa da ƙasar Gaya, bindiga ta taka rawa.

A da, idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin dakarun fada masu gaisuwar sarki da ƙarar albarushi ranar hawan sallah. Yau kalmar ta koma sunan masu satar mutane a dazukan Zamfara da Katsina. Wannan sauyin ma'ana kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da ake yi wa duk wanda aka gani da bindiga a yanzu.

Bindiga mai sakata

Nau'in da masu tara tsofaffin makamai suka fi nema a duniya shi ne wanda za a iya kira bindiga mai sakata. A bayan bututunta akwai wani ƙarfe mai mariƙi, tamkar sakatar ƙofa. Mai harbi zai ɗaga shi ya ja baya, kwanson da aka harba ya fice, ya tura shi gaba ya ɗauko sabon harsashi, sannan ya kulle.

Ƙasar Furushiya, wadda daga baya ta zama ginshiƙin Jamus, ita ce ta fara ba sojojinta irin wannan bindiga a shekarun 1840. Faransa ta fito da Gras a 1874, sannan Lebel a 1886, wadda ita ce ta farko mai amfani da albarushi marar hayaƙi. Rasha ta biyo baya da Mosin-Nagant a 1891, Birtaniya da Lee-Enfield a 1895, Jamus kuma da shahararriyar Mauser ta 1898.

Lee-Enfield ce ta fi shafar tarihin Najeriya. Ta samo sunanta ne daga James Paris Lee, wanda ya tsara sakatarta, da kuma garin Enfield da ke arewacin London, inda masana'antar gwamnati take. Tana cin harsashi 10 mai girman .303, kuma akan horar da soja ya harba 15 a cikin minti guda yana samun abin da ya auna. An ƙiyasta cewa an ƙera kimanin miliyan 17 a Ingila da Kanada da Amurka da Ostareliya da Indiya.

Turawa sun san darajar wannan fifiko. A taron Brussels na shekara ta 1890, ƙasashen Turai sun amince su hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffi masu ɗuri ta baki da albarushin kasuwa. An gabatar da yarjejeniyar a matsayin matakin yaƙi da cinikin bayi, amma a aikace ta tabbatar da cewa ranar da za a yi arangama, ɓangare guda ne zai riƙe makamin zamani.

Ranar da Kano ta faɗi

Ranar ta zo a farkon shekara ta 1903. Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa 4 da bindigar Maxim 4. Bayan ya ci Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga watan Fabrairu, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato da akasarin mayaƙansa. Ganuwar da ta tsare birnin ɗaruruwan shekaru ba ta iya tsayawa gaban igwa ba.

Makonni kaɗan bayan haka, dawakin Kano suka yi karo da 'yan tsirarun sojoji a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Sakkwato ta faɗi a watan Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama a Burmi a watan Yuli. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, amma ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Doki na buƙatar lokaci kafin ya ƙetare fili, kuma a cikin wannan lokaci sahun sojoji masu bindigar zamani sun yi ruwan harsashi.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, Turawan da ke cikin rundunar Morland ba su wuce 'yan gomomi ba. Ragowar duk 'yan Afirka ne, da yawansu masu jin Hausa. Hannun da ya riƙe bindigar da ta ci Kano hannun ɗan ƙasa ne.

A arewa da iyaka ma haka labarin yake. Sojojin Afirka ne a ƙarƙashin hafsoshin Faransa suka ragargaza Birnin Ƙonni suka kuma kama Damagaram a 1899. Har wata bindiga ta musamman samfurin Berthier Faransa ta ƙera a 1907 domin sojojinta na yammacin Afirka.

Daga Kamaru zuwa Bama

Daga nan Lee-Enfield ta zama abokiyar tafiyar sojan Najeriya har tsawon rabin ƙarni. Da ita aka yi yaƙin Kamaru da Jamusawa daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa Jamus yaƙi a can, Chari Maigumeri, ya koma rundunar Birtaniya daga baya, ya zama ɗaya daga cikin fitattun sajan-manjojinta, kuma barikin soja na Lokoja na ɗauke da sunansa.

A yaƙin duniya na biyu, sojojin Najeriya sun shiga Mogadishu a 1941, sannan aka tura runduna ta 81 da ta 82 ta yammacin Afirka zuwa ƙasar Bama domin yaƙar Japan. Hausa ce harshen bariki a wancan lokaci, kuma cibiyar horar da kuratan soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, ta karɓi matasa daga ƙauyukan lardin Kano da maƙwabtansa, galibi ta hannun hakimai da dagatai. Sunayen barikoki irin su Myohaung a Legas da Letmauk a Ibadan da Chindit a Zariya duk daga wannan yaƙi suka samo asali.

Sai dai wajibi ne a fahimci wani abu. Sojan da aka sallama ba ya komawa gida da bindigarsa. Abin da 'yan mazan jiya suka dawo da shi lambobin yabo ne da takardar sallama da labarai. Don haka abin da aka fi samu a gidajen karkara bindigar toka ce da takobi da mashi da kwari da baka. Bindigar soja da ta shiga hannun farar hula ta wata kafa ta bi, kamar ɓatan makamai daga rumbunan gwamnati ko rikicin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda aka yi amfani da tsofaffin Lee-Enfield da Mauser a cikinsa, musamman a ɓangaren Biyafara.

Bayan samun 'yancin kai, sojoji sun koma amfani da bindigogi masu sarrafa kansu, aka kuma kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964. 'Yan sanda ne suka ci gaba da rataya tsohuwar bindigar shekaru da dama, wadda jama'a suka fi sani da Mark 4.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya tun ta shekara ta 1959 ce, wato ta girmi 'yancin ƙasar. Ta kasa bindigogi gida uku.

Kashin farko shi ne haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke iya ba da lasisinsu. A nan ne aka jera igwa da gurneti da bindigogi masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, tare da bindigogin soja, waɗanda dokar ta ambaci girman harsashinsu ƙarara, ciki har da .303.

Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku kuwa shi ne masu ɗuri ta baki, inda aka ba kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, ikon wajabta musu lasisi a jiharsa. Ƙera su ko gyara su ma sai da izini.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan tsari. Na farko, jadawalin dokar ya dubi nau'in bindiga ne da girman harsashinta, bai dubi shekarunta ba. Lee-Enfield da aka ƙera a 1916 tana aji ɗaya da AK-47 da aka ƙera jiya. Na biyu, tun da batun bindigar toka a hannun jihohi yake, takardar da mafarauci ya samu a Kano ba lalle ne ta zama abin da ɗan sintiri a wata jiha mai nisa ya sani ko ya yarda da shi ba.

A ɗauka cewa wani magidanci a Ajingi ya buɗe tsohuwar adakar kayan kakansa ya tarar da irin wannan bindiga a naɗe cikin tsumma. Idan ya ajiye ta, ya karya doka. Idan ya ɗauke ta ya nufi ofishin 'yan sanda, yana tsoron tambayoyin da za su biyo baya, ko ma abin da zai same shi a hanya. Idan ya sayar, ba shi da tabbacin hannun da za ta faɗa. Gaba kura ke nan, baya siyaki. Mafi yawan mutane a irin wannan hali shiru suke zaɓa, wasu kuma su jefa ta a tsohuwar rijiya.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasashen da sha'awar tara tsofaffin bindigogi ta yi ƙarfi sun shata layi da shekaru. A Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana ɗaukarta kayan tarihi, akwai kuma lasisi na musamman ga masu tara waɗanda suka haura shekara 50. A Birtaniya, ƙa'idojin 2021 sun ce sai wadda aka ƙera kafin watan Satumba na 1939, kuma harsashinta ya kasance cikin jerin waɗanda aka daina yayinsu. Tun da har yanzu ana samun harsashin .303, Lee-Enfield ba ta shiga wannan rangwame ba. Mai son ajiye ta ko dai ya nemi lasisi, ko kuma a kashe ta ta hanyar toshe bututun da walda da lalata sakatar, sannan hukuma ta ba da shaida. Ita ma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan bindigogi ta ce ba za a kira wadda aka ƙera bayan 1899 kayan tarihi ba.

Abin da masu tarawa ke biya wa kuɗi ba ƙarfen ba ne kawai. Hatimin masana'anta suke dubawa, da shekarar ƙira, da lambar da aka buga a sassan bindigar, da ɗan faifan tagulla da ake maƙalawa a gindin wasu daga cikinsu mai ɗauke da alamar bataliya. Waɗannan alamomi ne ke nuna inda bindiga ta fito da yaƙin da ta gani.

Wannan kasuwa ta riga ta iso ƙasashe masu tasowa. A shekara ta 2003, wani kamfani mai suna International Military Antiques ya saye tsohon rumbun makaman masarautar Nepal da ke Kathmandu, mai ɗauke da bindigogi fiye da 50,000. Daga wajajen 2019 kuma, kamfanin Royal Tiger Imports na jihar Florida ya riƙa kwaso tsofaffin bindigogi daga rumbunan ƙasar Habasha yana sayarwa a Amurka, ciki har da na Italiya da Faransa da Jamus da Birtaniya.

Ana iya cewa waɗannan ƙasashe sun samu kuɗi sun kuma rabu da kayan haɗari. Ana kuma iya cewa shaidun tarihinsu sun watsu a gidajen mutane a wata nahiya, inda ba za a sake tara su wuri guda ba. Najeriya, wadda ta shafe shekaru tana fafutukar dawo da kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897, ta san ɗacin irin wannan asara.

Hujjar jami'an tsaro

To amma masu adawa da duk wani sassauci suna da hujja mai ƙarfi. Tsohuwar bindiga ba matacciya ba ce. Lee-Enfield da aka kula da ita tana kisa daga nisan ɗaruruwan mitoci kamar ranar da aka ƙera ta. Mujahidan Afghanistan sun yaƙi sojojin Tarayyar Sobiyet da ita a shekarun 1980. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada ba su fara rabuwa da ita ba sai a 'yan shekarun nan, yayin da 'yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya suka yi mata bikin ban kwana a watan Janairun 2020.

Ga kuma halin da ƙasa ke ciki. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekara ta 2019 ya ce makamai fiye da 178,000 ne ba a ga bayaninsu ba a rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 fiye da 88,000. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Jihar Kano kanta, wadda ta daɗe tana cikin sauƙi idan aka kwatanta da maƙwabtanta na yamma, ta fuskanci hare-hare a ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025.

A irin wannan yanayi, duk wata kafa da aka buɗe da sunan tarihi tana iya zama mafakar masu laifi, musamman idan babu ingantaccen kundin rajista.

Sai dai kuma binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta wallafa a 2020 kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara ya nuna inda matsalar ta fi ƙamari: bindigogi ƙirar gida, da na zamani da suka sulalo daga rumbunan gwamnatocin yankin da na Libiya, da kuma waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu ta tashar jiragen ruwa. Mai satar mutane ba ya neman bindigar da sai an ja sakata kafin kowane harbi, alhali yana iya samun mai zazzaga harsashi 30.

Haka kuma hukumomi da kansu sun sha dogara da masu tsofaffin makamai. A watan Nuwamban 2014, mafarauta da 'yan banga sun taimaka wajen ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram. Mutumin da ake yaba wa a matsayin gwarzo a Adamawa shi ne ake iya ɗauka ɗan fashi idan ya sauka a tashar wani gari.

Tarihin da ake narkarwa

A shekara ta 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar hana bazuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa ta a 2024. A watan Oktoban wannan shekara cibiyar ta lalata makamai fiye da 2,400 a Abuja. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ma ta buƙaci ƙasashe su tattara ko su lalata makaman da aka kama da waɗanda suka tsufa.

Babu mai jayayya da lalata makaman da aka ƙwace daga miyagu. Abin tambaya shi ne ko akwai masanin tarihi da ke duba tarin kafin a kunna wuta. Bindigar da ke ɗauke da hatimin rundunar yammacin Afirka, ko bindigar toka da wani sanannen maƙeri ya ƙera shekara ɗari da suka wuce, idan ta narke ta tafi ke nan.

Wuraren ajiya kuwa akwai su. Akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia, akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a birnin Kano, akwai Arewa House a Kaduna. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa wannan doka da dokar makamai.

Batun ya shafi al'ada mai rai. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kariya, kuma ƙarar bindigar 'yan bindigar sarki wani ɓangare ne na wannan hawa. Idan maƙerin da ya iya gyara bindigar toka ya daina aiki saboda tsoro, ba a jima ba za a rasa mai yin wannan gaisuwa.

Ina mafita?

Hanyoyin da ke akwai ba sababbi ba ne. Ta farko ita ce a ware wa'adin afuwa, inda duk wanda ya gaji tsohuwar bindigar soja zai iya miƙa ta ba tare da fargabar tuhuma ba. Ta biyu, a riƙa tantance makaman da aka tara, a ware masu darajar tarihi, a kashe su yadda ba za su sake harbi ba, a kai su gidan tarihi tare da sunan gidan da suka fito da labarinsu. Ta uku, a samar wa mafarauta rajista da shaida guda da kowace jiha za ta amince da ita, da ƙa'ida bayyananna kan yadda ake tafiya da bindigar farauta daga jiha zuwa jiha.

A nan ne sarautun gargajiya ke da rawar takawa. Masarautar Gaya, wadda aka ɗaga a 2019, aka soke a watan Mayun 2024, sannan aka maido da ita a watan Yuli a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan baka da na maƙera sun san gidan da ke da bindiga da dalilin ajiye ta fiye da duk wani jami'i da aka turo daga nesa. Mutumin karkara kuma zai fi sakin jiki ya kai gadon kakansa ƙofar fada fiye da ya kai shi caji ofis.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu ba sai majalisar dokokin tarayya ta taɓa dokar 1959, domin batun makamai na cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. An sha gabatar da ƙudurorin gyara dokar, amma galibinsu sun fi mai da hankali kan tsananta hukunci.

Lokaci kuma ba ya jira. Waɗanda suka je yaƙin Bama sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun manyanta. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin tsaro da na tarihi za su zauna teburi guda tun akwai sauran masu iya faɗin wanda ya riƙe wace bindiga, da kuma inda ya kai ta.